Hoton ginin ƙasa a lokacin hazo: tambaya kan Gidan Tarihin Kanta da hubbaren Gwandu

Ɗan Gwadangaji:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san aikin hoto. Cikin watan Janairu nake so in je Argungu in ɗauki Gidan Tarihin Kanta, ciki da waje, daga nan in biya Gwandu wajen hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. In hali ya yi, har Surame, kufan tsohon birnin Kanta. Abin da ke hannuna waya ce, sai wata ƙaramar Canon ta aro mai lens 18-55.

Na gwada hannuna a kan tsofaffin gidajen ƙasa nan Birnin Kebbi, abin bai yi daɗin gani ba. Sama ta fito fari fat kamar takarda, bango ya koma toka-toka, zanen jikinsa ya ɓace, ginin kuma kamar zai kife ta baya. A cikin soro kuwa, in ba duhu ba to dishi-dishi. Laifin kyamarar ne ko nawa? Sannan wa ake gani kafin a bar mutum ya ɗauka?

Baba Mai Hoto:

Wa alaikumus salam ɗana. Bar zargin kyamara, wagga da ke hannunka ta isa. Ka faɗi ƙarfe nawa ka ɗauki hotunan nan, in ba tsakanin sha ɗaya da biyu na rana ba ne ka ƙaryata ni.

Zanen da magina ke yi a jikin bango tudu ne da kwari, kaurinsa bai wuce ɗan yatsa ɗaya ko biyu ba. Ido ba ya ganin tudun sai da 'yar inuwar da ke gefensa. In rana ta daki bangon gaba da gaba, ko tana bisa kai, inuwar ta tafi, sai ka ga bango sumul. Abin da kake nema shi ne haske ya zo ta gefe yana shafar bangon, shi ke fiddo dagi da sawun hannun magini da tsagar makuba. Don haka kafin ka ɗaga kyamara ka san inda bangon ke kallo. Akwai kamfas cikin wayarka. Ka isa Argungu da yamma, ka zagaya wurin hannu a aljihu, ka rubuta: ƙofa na kallon kaza, wanga bango na kallon kaza. Washegari ka san inda za ka tsaya.

A Janairu rana ba ta fitowa a Argungu sai bakwai ta gota da 'yan mintoci, ta faɗi wajen shida da rabi. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya rana miƙewa take yi tsaye, ba ta jan ƙafa, saboda haka hasken nan mai laushi bai wuce awa guda da rabi ba. Bakwai da kwata zuwa takwas da rabi, sai biyar saura kwata zuwa shida da kwata. Bangon da ke kallon gabas na safe ne, mai kallon yamma na bayan la'asar ne, sai dai a lokacin rana na dukansu kusan gaba da gaba, zanen ba zai fito sosai ba. Sai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: lokacin hunturu rana ta kudu take bi, ko tsakar rana ba ta zuwa bisa kai sosai. Bangon da ke kallon kudu shina samun haske na gefe da safe da kuma yamma, shi ne mai arha. Wanda ke kallon arewa yini guda cikin inuwa yake har wajen ƙarshen Maris. Kada ka ɓata lokaci kana jiran rana ta zo masa. Matsa kusa, cika hoton da bangon, ka fitar da sama daga ciki.

Maganar launin toka. Kyamara in anka bar ta ta zaɓi launi da kanta, sai ta ga jan ƙasa ya yi yawa ta ɗauka kuskure ne, ta zuba masa shuɗi. Shiga WB, wato saitin launi, ka ɗauke shi daga AWB da ke zaɓa da kansa, ka sa a alamar rana. In kana son jan ya ƙara nuna, sa a alamar gajimare. Sauran saiti na waje: juya zuwa Av (kai ka zaɓi buɗewar lens, kyamara ta zaɓi saurin ƙiftawa), ISO 100 (ƙarfin jin haske), f/8 (buɗewar lens). Da hantsi za ta ba ka saurin ƙiftawa wajen 1/250 zuwa 1/500 na daƙiƙa, da sassafe ta sauka zuwa 1/125, duk lafiya. In da sama a cikin hoton rage haske da -0.7. In bangon farar ƙasa anka shafa masa, akasin haka za ka yi, ƙara +0.7, in ba haka ba farin ya fito kamar tsohuwar riga.

Farar sama kuwa hazo ne, ba saitin da zai mai da ta shuɗiya. Ranar da ƙura ta sauka sosai, ba sama kashi ɗaya cikin biyar na hoton, ko ka sa reshen dogon yaro ko bakin zaure ya rufe ta. Amma kar ka ƙi jinin hazo gaba ɗaya, yana tausasa inuwa, fuskokin mutane da cikin lungu sun fi kyau a ranar.

Ginin da ke kifewa baya, ɗaga bakin kyamara ka yi don zankwaye su shigo. Duk sanda ka karkata ta sama, layukan tsaye sai su tsuke. Ja da baya sosai har ginin ya shigo gaba ɗaya, mai da lens wajen 35 ko 55, riƙe kyamara daidai ba sama ba ƙasa. Filin da ya yi yawa a ƙasan hoton ka yanke daga baya. A waya ka kunna layukan nan na raga, ka yi amfani da 2x, ka rabu da 0.5x, shi ke lanƙwasa gini ya zama ƙwarya.

Bakabe:

Baba ya gama da waje, Allah ya ƙara girma. Bari in shiga ciki da kai, ƙanena, don nan ne aikin yake.

Ka tuna gidan nan ba a gina shi don baje kaya ba. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, sai a 1942 aka koma sabuwa, aka buɗe wannan a matsayin gidan tarihi a 1958. Ɗakuna ne irin na da, bango mai kauri, taga 'yar ƙarama, hasken da ke ciki bai kai ɗaya cikin ɗari na wanda ke tsakar gida ba. Idonka zai saba cikin minti biyu, kyamara ba ta sabawa. Abin da take yi shi ne ta daɗe ido buɗe, rabin daƙiƙa ko fiye, kuma ba hannun da ke tsayawa cak tsawon haka. Dishi-dishin da ka gani ke nan, rawar hannu ce.

Da hannu: mai da lens 18, nan ne yake buɗewa har f/3.5, in ka ja shi zuwa 55 ya tsuke zuwa f/5.6, ka yi asarar fiye da rabin hasken. ISO 1600, in ya ƙi 3200. Kada saurin ƙiftawa ya sauka ƙasa da 1/30. In akwai maɓallin IS mai rage rawar hannu a jikin lens ɗin ka kunna, zai iya kai ka 1/15. Manna gwiwar hannu a haƙarƙari, saki numfashi, danna sau uku a jere; galibi na tsakiya ne ke fitowa garau. Tsakin da ISO mai yawa ke kawowa ana rage shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa ba mai ceto shi.

In za a bar ka da sanda mai ƙafa uku, ka aro, shi ya fi komai: ISO 100, f/8, ka bar ta ta ɗauki daƙiƙa biyu ko huɗu, ka kashe IS, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada dannawarka ta motsa ta. In babu, ɗinka ɗan buhu ka zuba gero ko shinkafa kilo guda, ka aza kyamara a kai bisa kujera ko dakali. Kada dai ka jingina da bangon ko ka aza komai a kan kayan tarihi. Da wannan buhun za ka ɗauki rufin ma: ajiye kyamara a ƙasa tana kallon sama, sa jinkirin daƙiƙa 10, ka fice daga gabanta.

Filasha a kashe. Takubba da masu da bindigogi ƙarfe ne, haske yana dawowa daga jikinsu ya yi farin tabo, bayansu kuma baƙar inuwa. Maimakon haka ka zo da farin kwali babba. Tsaya yadda hasken ƙofa ke zuwa daga gefenka, wani ya riƙe kwalin a ɗaya gefen ya mayar da haske kan kayan. A tambari ko garkuwa za ka ga ɗinkin fatar ya fito ɗaya-ɗaya. Kayan da ke cikin gilashi, matsa har bakin lens ya kusa taɓa gilashin, ka kare gefe da hula ko baƙin ƙyalle. Farar shadda ita ce babbar abokiyar gaba a nan, kanka za ka ɗauka a madubin. Sa riga mai duhu ranar.

Inda ƙofa mai haske ta shigo cikin hoton ɗaki mai duhu, ɗauka ɗaya ba ta iya riƙe su biyun. Ko dai ka juya wa ƙofar baya, ko ka nemi AEB a cikin saiti ka ɗauki uku masu haske daban-daban, -2 da 0 da +2, ba tare da kyamara ta motsa ba, a haɗa su daga baya. A wannan gurbin waya ta fi Canon ɗinka sauƙi, HDR ɗinta na yin haɗin da kansa. Ka ɗauka da duka biyun.

Wani abu kuma da ke rikita mutane: ka ga ratsi-ratsi masu duhu sun gitta hoton, ko launi ya bambanta daga wannan ɗauka zuwa waccan. Ƙwan lantarki ne. Wutarmu 50 Hz ce, ƙwai da yawa suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido bai gani amma kyamara na kamawa. Sa 1/50 ko 1/100, ko ƙasa da haka. In janareta ne ke aiki ƙiftawar ba ta da tsari, gara ka roƙi a kashe ƙwan minti biyu ka yi da hasken ƙofa. Launi ma ya fi tsabta, don farin ƙwai da hasken rana in sun haɗu rabin bangon ya yi kore-kore.

Ka sa RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, tare da JPEG. A wuri guda na ɗan saɓa wa Baba: in RAW kake ɗauka, launin nan na WB ana gyara shi bayan an dawo gida ba tare da asara ba. Amma shawararsa na nan daram ga mai waya da mai JPEG.

Malama 'Yar Jega:

Malamai sun yi bayani mai gamsarwa. Ni tambayarka ta ƙarshe zan ɗauka, don ita ce ke sa a dawo da mutum daga bakin ƙofa.

Kada ka isa da kyamara rataye a wuya. Bar ta cikin jaka, ka yi sallama, ka nemi mai kula da gidan, ka faɗi sunanka da inda ka fito da abin da za ka yi da hotunan. Bambanci ne babba tsakanin hoton ajiya da na sayarwa ko na bugawa a littafi, kuma gaskiya tun farko ta fi. In ɗalibi ne kai, wasiƙar makaranta na buɗe ƙofa fiye da dogon bayani. Ka tambaya ɗaki-ɗaki, don izinin shiga ba izinin ɗauka ba ne. A cikin gidan Kanta akwai kaburburan sarakunan Kabi, jikokinsu na nan da rai cikin garin. Wurin nan sai an ce maka bismillah. Haka kayan da suka shafi asirin yaƙi, in mai rakiya ya ce wannan ba a ɗauka, kar ka ja. In akwai kuɗin shiga ko na kyamara ka biya ka karɓi rasit, alherin mai rakiya kuma daban ne.

Gwandu ba gidan kallo ba ne, wurin ziyara ne. Cire takalmi inda ka ga ana cirewa, ka fara yin addu'ar da ta kai mutane can, sannan ka tambayi masu tsaron hubbaren abin da aka yarda da shi. Mai addu'a ba a sa masa kyamara a fuska, mata kuwa ko daga nesa sai da yardarsu. Kashe ƙarar dannawa. Ka guji lokutan salla da ranar Juma'a in gini kake so ba taro ba. Kuma ka riƙe wannan don kada ka yi kuskure a rubutun ƙasan hoto: hubbaren yana garin Gwandu, amma fadar Sarkin Gwandu ta yanzu tana Birnin Kebbi. Na sha ganin an haɗa su wuri guda a Facebook. A ƙofar kowace fada dogari za ka fara gaisarwa. Shingen jami'an tsaro a hanya, da barikinsu, ko da wasa kada ka nuna musu waya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoto marar suna. Mutum ya dawo da ɗari uku, bayan wata biyu bai san wane takobi ne na wa ba, sai ya ƙirƙira. Duk kayan da ka ɗauka, ɗauki takardar bayaninsa nan take a bayansa, su zo a jere. In babu takarda, rubuta lambar hoton a littafi tare da abin da mai rakiya ya faɗa, ka sa "in ji mai kula da gidan". Gyara kwanan wata da agogon kyamarar tun a gida, ta aro ce, wataƙila tana wata shekarar daban. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura a matsayin fayil. Turawar da aka saba tana matse hoton, zanen da ka sha wahala a kansa ya narke.

Ɗan Gwadangaji:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba ya canka, wajen ƙarfe ɗaya na ɗauke su. Saura biyu: Surame fa, da sauƙin zuwa? Kuma in na tsaya Matan Fada, bakin kogin da ake bikin kamun kifi na Argungu, alhali ba lokacin biki ba ne, akwai abin ɗauka? Wani ya ce in sayi filta mai kashe ƙyalli don hazo.

Na Gusau:

Filtar nan ka ajiye kuɗinka tukuna. Tana ƙara shuɗin sama ne in sama tas take kuma rana na gefen kafaɗarka. A kan ƙurar hunturu aikinta kaɗan ne, ga shi tana cinye fiye da rabin haske. Inda take da amfani shi ne kan ruwa, tana ɗauke ƙyallin. In ka ga dole, girman bakin 18-55 na Canon 58mm ne, yana rubuce a jikin murfin.

Kuɗin ka sayi robar hura iska da ƙyallen goge tabarau. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, in ka goge lens da bakin riga kankare shi kake yi. Hura tukuna, sannan ka goge. Tunda lens ɗaya gare ka kada ka cire shi ko sau ɗaya a hanya. Don ka san ko ƙura ta riga ta shiga ciki, sa f/22 ka ɗauki farar takarda. Ɗigon da ya tsaya wuri guda a kowane hoto a cikin kyamara yake, ka kai a share kafin tafiya. Kan babur kyamara ta shiga leda sannan jaka.

Surame yanzu cikin jihar Sakkwato take, ko da yake ita ce babban birnin Kanta tun ƙarni na 16, kuma tana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Kufai ne cikin daji, ganuwar dutse da ƙasa. Ba a zuwa kai kaɗai: nemi labarin tsaron hanya daga mutanen yankin a satin da za ka tafi, ka bi ta hannun mai gari, ka fita da safe ka dawo kafin la'asar. In sun ce a dakata, ka dakata. Rani ya fi, da damina ciyawa na rufe ganuwar. Wajen ɗauka, tarin dutse daga tsaye tarin dutse ne kawai. Durƙusa har kyamara ta kai gwiwarka, ka bi ganuwar a tsawonta tana tafiya cikin hoton, f/11, ka tsayar da mutum ɗaya kusa da ita don a gane tsayinta. Batun ɗan jirgin ɗaukar hoto daga sama, in wani ya ba ka shawara, sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A nan Zamfara ma an taɓa hana shawagi gaba ɗaya a 2021.

Baba Mai Hoto:

Matan Fada akwai abin ɗauka, sai dai ba abin da ka saba gani a kalanda ba. Ba a su a wajen sai ranar biki, Sarkin Ruwa ke da iko da shi, don haka ruwa za ka tarar kwance. Je da sassafe ka tsaya rana na gabanka ta ɗan gefe, kwalekwale da mai fito su zama baƙi bisa ruwa mai haske, rage -1. Shinkafar rani a fadama ta yi kore a lokacin, ita za ta ba ka launin da sama ta hana ka. In ka sami masunci ya yarda, ɗauki gora da homarsa kusa-kusa, a 55, f/5.6.

Ranar biki kuwa wani aiki ne daban. Tun 1934 anka faro shi, zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu, UNESCO ta sa shi cikin jerinta na al'adun gado a 2016, amma ba kowace shekara ake yi ba, sai ka ji sanarwa. Rugawar masunta cikin ruwa ba ta wuce 'yan daƙiƙu, tana son 1/1000 da ɗauka a jere, kuma 18-55 ya yi gajere daga bakin gaɓa. Ka nemi aron lens 55-250, ka kama wuri mai tudu tun kafin hantsi, batir biyu a aljihu.